Satar Hoton Baba

Ranar da likitan ido ya gaya mini cewa na hagu ya riga ya tafi, na dama ma ya kama hanya, ban tuna da iyalina ba, ban tuna da shagona ba. Allah Ya yafe mini, abin da ya faɗo mini a rai wani tsohon gwangwanin madara ne da ke ƙasan akwatina. Likita yana ta bayanin yadda ciwon suga ya cinye jijiyoyin bayan ido, ni kuwa ina zaune ina ƙoƙarin tuno fuskar mahaifina, na kasa. Na ga hularsa, na ga gemunsa, na ga yatsan da yake ɗagawa idan zai yi faɗa. Tsakanin hular da gemun babu komai. Na tambayi likita wata nawa ya rage mini, ya ce wannan sanin Allah ne, amma idan akwai abin da nake son gani, kada in yi ta jinkiri.

Baba mai wankin hula ne a Makera, cikin Kaduna, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa tsayawa an ɗauke shi hoto ba. Ba ya musu da kowa a kan maganar, shi dai ba ya yi. Idan aka kawo masa kalanda mai fuskokin mutane, zai karɓa ya yi godiya, ya rataye ta tana kallon bango. A wurin ɗaurin aure, da ya hango mai hoto ya saɓo kyamara, sai ka nemi takalmansa ka rasa. Gilashin ido ma ya ƙi shi, ya ce idonsa lafiya lau. Saboda haka duk abin da zai duba, allura ce ko ɗinkin hula ko wasiƙa, sai ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya haɗe gira, ya yi ta hararar abin kamar ya yi masa laifi. Tsoronsa nake ji ƙwarai, kuma ina son sa, ban taɓa gaya masa ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ina saurayi a lokacin, ina aiki a sashen gyaran injuna na wata masaƙa a Kakuri. Wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu ya kira ni gefe ya damƙa mini wani ɗan ƙarfe mai sheƙi, tsawonsa bai wuce yatsana na tsakiya ba. Na ɗauka wuƙar aljihu ce. Ya nuna mini: a ja ta ta buɗe, a danna wani ɗan maɓalli, a tura ta ta rufe, fim ya matsa gaba. Kyamara ce. Ya ce akwai fim ɗaya a ciki, na baƙi da fari, faɗinsa bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kuma kada in kuskura in buɗe cikinta a haske. Tun kafin in iso gida na san wanda zan ɗauka da ita.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya zauna a ƙofar shago yana goge huluna da buroshi. Na sa babbar riga, na cusa kyamarar a hannun rigar, na tsallaka titi na tsaya wajen mai rake kamar ina ciniki. Sau uku na danna. Ina ta waige-waige kada a gan ni, har mai raken ya tambaye ni ko lafiya. Na koma ɗakina da ke zaure, na cusa ta a cikin safa, na jefa a gwangwanin madara, na tura ƙarƙashin gado. Bayan 'yan kwanaki da na ciro ta, na tarar an naɗe safar tsaf, lambar da ke cikin 'yar tagarta kuma ta tashi daga uku ta koma tara. Na ce a raina Yaya ce, wato babbar yayata, ta yi mini shara ta taɓa abin da ba ruwanta, lambar kuma na ce kayan Turawa ne, zafin ƙasarmu ya ruɗa shi. Ban sake dannawa ba.

Na gwada kai fim ɗin wanki tun a wancan lokacin. Mai shagon hoto a Kakuri ya juya kyamarar a tafin hannunsa, ya yi dariya, ya ce shi bai da abin da zai naɗa fim siriri haka a kai, wannan sai Legas, ko ma ƙasar da aka ƙera ta. Ina shirin tambayarsa yadda ake aikawa, sai ya ƙura mini ido ya ce, "Kai ba ɗan mai wankin hula ba ne?" Na karɓe kayana na fita ko sallama ban yi ba. Bayan shekara biyu Baba ya rasu. Tsoro ya tafi, kunya ta maye gurbinsa, na ga kamar in na wanke hoton na tona kabarinsa ne. Masaƙa ta rufe, na koma gyaran keken ɗinki a Unguwar Sanusi, na yi aure, na tara iyali. Gwangwanin yana bi na daga gida zuwa gida fiye da shekara talatin, kullum ina cewa wata rana.

Washegarin ganin likita na sa gwangwanin a aljihu na shiga gari. Na bi Kakuri, na bi Barnawa, na bi Nasarawa, na dangana da Sabon Tasha. Duk shagon da na shiga, kwamfuta ce da sanyin na'ura. Wata mai shago ta duba kyamarar ta ce, "Baba, ina memorin?" Na ce mata fim ne. Ta ce to in kawo faifan bidiyon. A wani shagon kuma, kafin in gama bayani, mutumin ya sa farce yana neman ɓalle murfin ciki, ga rana tsaka tana dukan tebur. Ban san lokacin da na faɗa kansa ba. Na fizge abina na zage shi, na zagi shagonsa, na fito, na yi karo da ƙofar gilashi da ban gan ta ba. Mutane suka yi ta yi mini sannu, ni kuwa hannuna yana cikin aljihu ina laluben murfin, ko ya motsa.

An kwatanta mini wani tsohon mai hoto da ya koma sayar da abincin kaji. Shi kaɗai ne da ya ga kyamarar ya miƙe tsaye. Ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin irinta a rayuwarsa. Ya zaunar da ni a kan buhu ya gaya mini gaskiya. Fim irin wannan ba a taɓa sayar da shi a Kaduna ba, ko a zamanin da kowane lungu akwai ɗakin wankin hoto. Shi kansa na'urar da yake faɗaɗa hoto da ita ya daɗe da ba 'yan gwangwan, ruwan maganin wanki kuwa ya manta rabon da ya ji warinsa. Ya ce akwai masu yi a ƙasashen waje, a aika musu, a jira watanni. Na ce watannin ne ba ni da su, kuma abin da na riƙe shekara talatin ba zan miƙa wa wanda zai buɗe shi a hanya don ya ga me ke ciki ba. Ya ce, "To Malam, ka yi haƙuri. Ko an wanke ma, fim ɗin da ya sha zafin garin nan shekara talatin, wa ya san abin da ya rage a kansa?" Na fito daga shagon ina jin haushinsa, alhali shi kaɗai ne bai yi mini ƙarya ba.

A cikin makonnin nan idon dama ya ci gaba da ja da baya. Na daina iya zura zare a allura. Na fara kwance kan keken ɗinki da lalube, ina rufe ido da gangan don yatsuna su koya tun kafin a tilasta musu. Kowace safiya idan na farka, abin da nake fara yi shi ne in dubi ƙusar da ke bangon ɗakina, in ga ko tana nan. Wata safiya na neme ta na rasa.

A ranar ne Yaya ta ce in raka ta wani ƙaramin asibiti a Mahuta, za a yi mata hoton ƙashin gwiwa. Ita gwiwa ta ƙi, ni ido ya ƙi, muka tafi tana jan hannuna ina tallafe da ita. Muna zaune a benci sai wani wari ya daki hancina, mai tsami-tsami, irin na shagunan hoto na dā. Na miƙe na bi warin. Wani dattijo ya fito daga wani ɗan ɗaki riƙe da ƙaton fim baƙi, ruwa yana ɗiga daga jikinsa. Mutumin Filato ne, gajere mai kauri, shi ne mai hoton ƙashi na asibitin. Na tare masa hanya, na ciro gwangwanina, na kwashe labarin duka na gaya masa a tsaye, har da abin da ban taɓa gaya wa matata ba.

"Malam, ni ƙashi nake wankewa," in ji shi. "Kemikal ɗin nan ba na irin fim ɗinka ba ne. Yana da ƙarfi. Kuma sau ɗaya ake yi, idan ya lalace, finish."

Na ce na yarda.

"Kuma ya kusa mutuwa. Sabon mashin ya zo, yana cikin kwali. Ƙarshen watan nan za mu zubar da tankin gaba ɗaya."

Na kama hannunsa da hannu biyu na ce, "Oga, ni ma ƙarshen watan nan ban san me zan iya gani ba." Ya ce zai nemi izinin mai asibitin, in zo ranar Asabar da hantsi, lokacin babu mutane sosai.

Ashe Yaya ta ji komai. A cikin keke napep, muna dawowa, ta juyo ta fuskance ni. "Yanzu kai, mutumin da ya ƙi abu yana raye, shi ne za ka bi shi da shi har kabari? Ka ji tsoron Allah, ka bar Baba ya kwanta."

"Yaya, na manta fuskarsa."

Na ce, "Ke kin tuna?" Ta ce ta tuna mana, dogon hanci gare shi, ga billensa a kumatun dama. Na ce a hagu yake. Ta ce dama. Muka yi ta yi har mai keke ya waiwayo, tsofaffi biyu suna faɗa a kan kumatun ubansu. Daga ƙarshe ta juya kai waje. Amma ranar Asabar tun kafin in gama karin kumallo na ji sandarta a ƙofar gida, tana cewa in yi sauri, ita ba ta son zaman jira.

Ɗakin wankin bai fi banɗaki girma ba. Dattijon ya bar Yaya a benci, ya rufe ƙofa, ya toshe ƙasanta da tsumma. Ya ce jar fitilar da yake aiki da ita ma sai an kashe, don irin wannan fim ko ita ba ya so. Duhu ya rufe mu. Na ji shi yana fama da ɗan kwanson da fim ɗin yake ciki, yana tsaki, abin yana suɓuce masa. Ya ce yatsunsa sun yi kauri, yana tsoron ya murƙushe shi. Na ce ya ba ni. Shekara talatin ina kwance ƙoshiyar keken ɗinki, kuma makonni ina koyon yi ba ido. Na laluba na sami bakin murfin, na sa farce, ya ɗago. Fim ɗin ya nannaɗe ya bushe, na riƙa warware shi a hankali ina jiran in ji ƙas, bai karye ba. Muka maƙala masa abin shanya kaya a kowane baki, na miƙa masa a duhu.

Ba wanda ya san minti nawa ya kamata ya yi a cikin maganin. Ya ce zai yi rabin abin da yake ba hoton ƙirji, sauran mu bar wa Allah. Ba a ganin agogo, don haka da wata waƙar coci yake auna lokacinsa, yana rera ta ƙasa-ƙasa yana tsoma fim ɗin yana ɗagawa. Ni ina gefe ina salati, gumi yana bin bayana. Ya mayar da shi tanki na biyu, ya ɗauraye da ruwa, sannan ya kunna fitila.

Ya shimfiɗa shi a kan allon haske da suke duba hoton ƙashi. Ni ban ga komai ba sai wani siririn zare mai duhu. Ya sunkuya da gilashinsa na ƙara girma, ya daɗe. Sannan ya ce, "Sori, Malam. Na farko babu komai. Na biyu babu. Na uku ma haka. Kamar wani abu ne ya rufe idon kyamarar, kamar ƙyalle."

Hannun babbar rigata ne. Shekara talatin ina dakon hoton cikin hannun rigata. Na zauna a ƙasa cikin ruwan da ya zuba, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne Baba. Na saɓa masa, na ɓoye, na ji kunya rabin rayuwata, duk a kan babu.

"Tsaya tukuna," in ji dattijon. "Uku ka ce ka ɗauka? To waɗannan shidan fa, wa ya ɗauka?"

Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana karanta dodon hoto, inda fari yake baƙi, baƙi yake fari, don haka bai sha wahala ba. Ya ce fuska ce, ta cika hoton dam, daga kusa aka ɗauke ta. Ya ɗora gilashin a kan fim ɗin, ya kanga wayarsa a kai ya ɗauka, ya latsa wani wuri, dodon ya juye ya zama hoto. Ya buɗe ƙofa ya kira Yaya. Ta karɓi wayar, na ji ta saki salati, sandarta ta faɗi.

Na karɓa na manna a hancina. Hoton ya yi dishi-dishi, ya yi ɗigo-ɗigo, amma fuskar tana da girma, ta cika gilashin wayar daga sama har ƙasa, har idona mai mutuwa ya iya kama ta. Baba ne. Ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya haɗe gira, yana hararar abin da ke hannunsa. A bayansa bangon ɗakina ne na zaure, ga rigar aikina ta masaƙa a rataye. Ya shiga ɗakina, ya sami gwangwanin, ya ja abin ya buɗe, ya duba shi daga nesa yadda yake duba komai, idon kyamarar yana kallonsa, ya yi ta dannawa yana turawa yana ja don ya gane ko mene ne. Da ukun da na ɗauka daga tsallaken titi ne suka fito, da Baba bai fi ƙwayar gero ba a ciki, da ban gan shi ba.

A hoto na ƙarshe ba kyamarar yake kallo ba. Ya juya ido wajen ƙofa, ya kasa kunne, kada wani ya shigo ya same shi. Na san wannan kallon, irinsa na yi a wajen mai rake. Daga nan ya naɗe safar tsaf yadda yake naɗe hular mutane, ya mayar ƙarƙashin gado. Ban sani ba ko ya gane abin da ya riƙe. Yaya ta ce Baba ba yaro ba ne, ya gane sarai. Idan haka ne, shekara biyu muna cin tuwo a kwano ɗaya, bai taɓa ɗaga mini yatsan nan a kan maganar ba.

Billen a kumatun dama yake. Yaya tana kuka tana dukan kafaɗata tana cewa, "Ban gaya maka ba? Ban gaya maka ba?"

Dattijon ya ƙi karɓar komai sai addu'a. Aka buga mini hoton a babbar takarda, a ɗaya daga cikin shagunan kwamfutar da na zaga. Na rataye shi a ƙusar nan ta ɗakina yana kallon bango, yadda mai shi yake yi wa kalanda. Kullum da hantsi, lokacin da rana take shigowa ta ƙofa, sai in sauko da shi in kai shi hancina, in bi shi daga hula zuwa gemu, in nemi gafararsa, in mayar. Na yi wata biyu da 'yan kwanaki ina haka. Wata safiya na sauko da shi na kai hancina, na ji warin takarda kawai.

Har yanzu ina sauko da shi, don hannu ya saba. Ba na ganin takardar, ba na ganin ƙofar, hantsin ma a fatata nake jin sa. Amma yanzu tsakanin hular da gemun akwai mutum, kuma hararata yake yi.